Ƙafar keken hawan dutse: Kabon ko alminiyam, wanne ya dace da duwatsun Nasarawa?

Duk wanda ya bar Lafiya ya nufi Akwanga, ba ya yin nisa kafin duwatsun Eggon su bayyana a gabansa. Gaba kaɗan, a Ƙaramar Hukumar Wamba, akwai magangarar ruwan Farin Ruwa, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 150. Hanyoyin da suka ratsa waɗannan tsaunuka cike suke da tsakuwa da marmara da kwazazzaban da damina ke haƙawa duk shekara. A irin wannan ƙasa, ƙafar keke ce take fara shan wahala, kuma ita ce take yanke hukunci ko mahayi zai koma gida a bisa sirdi ko zai dawo yana turi.

Keke ba baƙo ba ne a Arewa. Dattawa sun san Rale da Phoenix, masu ƙafar baƙin ƙarfe mai nauyi da jure wuya. Keken hawan dutse kuwa daga baya ya zo. Matasan yankin Marin a Jihar Kalifoniya ta Amurka ne suka fara sarrafa shi cikin shekarun 1970, sannan kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981. Yau kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai sun kawo wa mahayin Nijeriya zaɓin da iyayensa ba su sani ba: ƙafar alminiyam ko ta zaren kabon.

Alminiyam ya daɗe a fagen. A 1934 ɗan Faransa Antonin Magne ya lashe gasar Tour de France da ƙafafun alminiyam na kamfanin Mavic, waɗanda aka shafa wa fenti don su yi kama da na katako. Wanda ake amfani da shi a yau gauraye ne da wasu ma'adinai, shi ya sa ya fi na tukunya ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi kuwa kabon ba ƙarfe ba ne. Zaruruwa ne sirara da ake shimfiɗawa hawa-hawa, a haɗe su da wani irin danƙo, a gasa cikin mazubi. Girma ɗaya da alminiyam, nauyinsa bai kai kashi biyu cikin uku ba.

Wannan rashin nauyi ne babban abin talla. Ƙafa abu ce mai juyawa, don haka duk giram ɗin da aka rage a bakinta mahayi yana jin sauƙinsa wajen tashi da wajen haura tudu. Kabon kuma ba ya saurin karkacewa, yana daɗewa a miƙe ba tare da an yi ta ɗaure wayoyinsa ba. Sai dai a kekunan da aka ƙera don duwatsu, masu ƙira kan ƙara kaurin kabon saboda gudun fashewa, har bambancin nauyin ya koma 'yan ɗaruruwan giram a ƙafa biyu, ƙasa da nauyin gorar ruwa guda. Taurinsa ma kan zama abin ƙorafi, domin ƙafar da ba ta lanƙwasa ko kaɗan takan miƙa girgizar dutse kai tsaye zuwa hannu da kafaɗa.

Ainihin bambancin yana bayyana ne ranar da ƙafa ta daki dutse da ƙarfi. Alminiyam lotsewa yake yi. Lotsawar tana fili, ido yana ganin ta, kuma sau da yawa mai gyara zai iya miƙar da bakin ya daidaita wayoyi, tafiya ta ci gaba. A 2014, a gasar gangaren dutse ta duniya da aka yi a Leogang ta ƙasar Austriya, tayar baya ta Ba'amurke Aaron Gwin ta fita, amma ya gangaro har ƙasa a kan tsurar ƙafar alminiyam. Kabon yana iya jure dukan da zai lotsa alminiyam ba tare da ko tabo ba, amma idan dukan ya wuce iyakarsa tsagewa yake yi. Wani lokaci tsagar tana ɓoye a cikin shimfiɗun zaren, sai ranar da aka tsananta masa ta buɗe.

A nan ne Lafiya ta bambanta da Turai. Wasu kamfanoni, kamar Reserve na Santa Cruz, suna alƙawarin musanya ƙafar kabon da ta fashe ga wanda ya saye ta sabuwa. Irin wannan alƙawari yawanci ba ya bin kayan gwanjo, kuma ko ya bi, kuɗin aikawa da na kwastan da makonnin jira duk a wuyan mai keke suke. Farashin kabon kan ninka na alminiyam, ga kuma faɗuwar darajar naira tun bayan sakin ta a kasuwar canji a watan Yunin 2023. Mai gyaran keke na bakin kasuwa ya san ƙarfe, yana da guduma da sifana, amma kabon ba ya karɓar guduma, ba ya karɓar walda. Har wajen ɗaukar keke akwai hattara: zafin salansar mota yana iya lalata danƙon kabon idan aka ɗaure keken a baya, ƙafar tana daf da bakin hayaƙi.

Akwai kuma abin da masu saye kan manta, wato taya ce garkuwar ƙafa. Taya mai faɗi da kaurin gefe, tare da iska daidai gwargwado, ta fi kare ƙafa fiye da tsadar abin da aka ƙera ta da shi. Iska ta yi kaɗan, dutse ya isa ga bakin ƙafa. Ta yi yawa, keke ya riƙa tsalle yana zamewa. Ƙafa mai wayoyi 32 ta fi mai 28 sauƙin daidaitawa idan waya ɗaya ta tsinke a daji. Wanda zai sayi ƙafar kabon ta hannu, ya cire tayar ya duba ciki da waje cikin haske, ya ƙwanƙwasa zagayen da kwabo. Inda sautin ya dushe, wurin abin zargi ne.

Ga ɗan tsere mai neman rage daƙiƙoƙi, wanda ke da ƙafar ajiya da hanyar samun musanya, kabon yana da hujja. Ga mafi yawan masu hawa tsakanin Lafiya da Nasarawa Eggon da Wamba, alminiyam mai kyau ya fi dacewa da aljihu da kuma masu gyaran da ke kusa, sannan rarar kuɗin ta tafi ga taya mai inganci da hular kwano. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Ƙafar da ta lotsa ta kai mutum gida ta fi wadda ta tsage ta bar shi a tsakiyar dutse da la'asar sakaliya.