Taswirar Itatuwa: Nasiha ga Malamai da Fatake

Ya ku malamai da fatake masu bin hanyar Kongolam, ga wata magana da ya kamata mu duba.

Ku sani zana taswira ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Al-Idrisi ya kammala taswirar duniya a 1154. A 1824 kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature Clapperton taswirar ƙasashen nan a Sakkwato. Abin da ya sake a zamaninmu alƙalami ne kawai, watau kwamfuta da wayar hannu, da manhajoji irin su Google Earth da QGIS, wadda kyauta ake samunta.

Amfaninsu ya bayyana a wajen maƙwabtanmu. Bayan farin 1973 da na 1984, duniya ta ɗauka hamada ta cinye Nijar. Amma da Gray Tappan, masanin taswira na Amurka, ya gwada hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na bayan 2000, sai ga itatuwa sun ƙaru a ƙasar Maraɗi da Damagaram, a fili kimanin hekta miliyan 5. Ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka daina sare tohon kututture, suna yi masa gyara har ya girma. Da yawansu gawo ne, wanda ke kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya ciyad da bisashe. Wanda ya ƙetare zuwa Ɗan Barto, ya nufi Matamaye, ya gani da idonsa.

To, me zai hana yaranmu, na allo da na boko, su yi wa ƙasarmu irin wannan lissafi? Ranar Alhamis babu karatu. Malami ya fita da almajirai goma da waya ɗaya. Kowace itaciya a tsaya gindinta, waya ta kama matsayinta, a rubuta sunanta: gawo, ko kuka, ko tsamiya, ko aduwa. A auna kaurinta da igiya, kana a ɗora duka bisa taswira. Baɗi war haka a komo. Wadda aka sare, gurbinta zai nuna, babu gardama.

Fatake sun sani, hajar da ba a ƙidaya ba ita ke salwanta ba a farga ba. Haka itatuwan gonakinmu. In suka ƙare, iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka, 'ya'yanmu su watse cirani.

Saboda haka muna roƙon attajirai su taimaki makarantun garinsu da waya, malamai kuma su ba da rana. Yaron da ya rubuta sunan itaciya da hannunsa, da wuya ya ɗaga mata gatari.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Haza wassalam.