Daga Pittsburgh Zuwa Mosko: Labarin J.R. Holden

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau ƙwallon kwando za mu taɓa, kuma sawun mutum guda za mu bi: Jon Robert Holden, wanda aka fi sani da J.R. Holden. Baƙar fatar Amurka ne, bai taɓa buga ko da minti ɗaya a gasar NBA ba, amma shi ya jefa ƙwallon da ta ba Rasha kofin nahiyar Turai. Ku gyara zama.

An haife shi ranar 10 ga Agusta, 1976, a Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania, birnin da ya yi suna wajen narka ƙarfe. Lokacin da yake tasowa masana'antun suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, unguwannin talakawa irin su Wilkinsburg, inda ya girma, suna ta ƙara shiga wani hali. Garin kuma na masu ƙwallon zari-ruga ne, irin tasu ta Amurka, ƙwallon kwando tana baya. Ya ƙarasa sakandare a makarantar Linsly da ke Wheeling, a jihar West Virginia.

A Amurka, makomar ɗan ƙwallon kwando tana fara bayyana ne tun yana sakandare. Masu horarwa na manyan jami'o'i suna zagaya makarantu suna duba yara, wanda ya burge su su ɗauke shi ya yi karatu kyauta ya buga musu wasa. Daga manyan jami'o'in nan ne NBA ke ɗiban mafi yawan 'yan wasanta. Holden tsayinsa mita 1.85 ne. A cikin gari dogo ne, a filin kwando kuwa gajere. Manyan jami'o'in ba su yi rububinsa ba. A 1994 ya shiga Bucknell, wata 'yar ƙaramar jami'a a garin Lewisburg wadda aka fi sani da karatu fiye da wasa. Shekara huɗu ya yi yana raba musu ƙwallo ƙarƙashin koci Pat Flannery, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen ƙaramar gasar da suke bugawa.

Sai 1998 ta zo, shekarar da ya kammala. Kowace shekara ƙungiyoyin NBA suna zama su zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma a waccan shekarar mutum 58 kacal aka ɗauka daga duk duniya. Na farko da aka kira ma haifaffen Legas ne, Michael Olowokandi. Aka kira Vince Carter, aka kira Dirk Nowitzki na Jamus, aka kira Paul Pierce. Aka gama kira, babu Holden.

A nan ne akasarin irin waɗannan samarin suke rataye takalmi su nemi aikin ofis, kuma babu laifi a hakan. Holden kiran waya ya samu daga Riga, babban birnin Latbiya, ƙasar da shekara bakwai ke nan da ɓallewarta daga Tarayyar Sobiyet. Kuɗin da ƙungiyar Broceni ta yi masa tayi bai taka kara ya karya ba. Ya haɗa jakarsa ya tafi ci-rani.

(Kiɗa)

Masu sauraro, bari mu ɗan tsaya a kan wannan rayuwa, don ana yawan yi mata kallon hutu da kuɗi. Ɗan wasan Amurka da ya je Turai, an ɗauko shi ne don ya yi abin da 'yan gida suka kasa. Guraben baƙi ƙididdigaggu ne a kowace ƙungiya, saboda haka in ya yi wasa biyu ko uku bai taɓuka komai ba, za a iya sallamarsa a kawo wani, don akwai ɗaruruwa a gida suna jiran waya ta yi ƙara. Kwantiragin yawanci na shekara guda ne. Koci yana ba da umarni da harshen da ba ya ji. A Riga, cikin hunturu, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. A wancan zamanin babu WhatsApp, kiran gida kuma tsada gare shi. Wasan kansa ma daban yake: minti 40 ake yi maimakon 48 na NBA, kuma Turawa ba su son mai riƙe ƙwallo yana nuna bajinta shi kaɗai. Suna son a miƙa, a tare, a bi tsari. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi Holden suna a jami'a ba su kai ƙarshen kakar farko ba suka koma gida.

Shi kuwa ya zauna, kuma duk inda ya sa ƙafa sai kofi ya biyo baya. Broceni ta ci gasar Latbiya a 1999. Ya koma Oostende a Beljiyam, suka ci gasar ƙasar a 2001. Daga nan sai AEK ta birnin Atina a Girka, ƙasar da 'yan kallo ke kunna wuta mai hayaƙi a cikin zauren wasa, suna rera waƙa tun daga farko har ƙarshe. Rabon AEK da kofin ƙasar tun 1970. A wasannin ƙarshe na 2002, ƙungiyar Olympiacos ta doke su sau biyu a jere, saura ɗaya ta ɗaga kofi. AEK ta juyo ta ci uku a jere. Wannan ne ya sa manyan Turai suka fara tambaya: wane ne wannan ɗan gajeren?

CSKA Mosko ce ta ɗauke shi a 2002. Wannan tsohuwar ƙungiyar sojojin Sobiyet ce, wadda a zamanin yaƙin cacar baka ita ce ƙashin bayan tawagar da ke karawa da Amurka. A nan ya yi shekara tara cur bai motsa ba, abin da ba kasafai ake gani ga baƙon ɗan wasa ba, kuma a duk shekarun nan tara CSKA ce zakaran Rasha.

Shekararsa guda da zuwa, hukumar ƙwallon kwandon Rasha ta tsaurara doka kan yawan baƙin da ƙungiya za ta iya sakawa. Shugaban CSKA na lokacin, Sergei Kushchenko, bai son rasa mai raba masa ƙwallo, sai ya ɓullo da dabara: a mayar da shi ɗan ƙasa. Magana ta hau sama har ta kai fadar Kremlin. Ranar 20 ga Oktoba, 2003, shugaba Vladimir Putin ya sa hannu, Holden ya zama ɗan Rasha.

Kada mu yi wa abin kwalliya. Da farko lissafi ne na ƙungiya, hanyar kauce wa doka, ba soyayyar ƙasa ba. Amma abin da ya biyo baya, a ganina, shi ne ma'auni. Akwai masu karɓar fasfo su buga gasa ɗaya su ɓace. Holden ya sha sanyin Mosko shekara da shekaru, ya sha ɗacin rashin nasara tare da su. A 2005 CSKA ta yi kaka kamar ba za a taɓa doke ta ba a gasar EuroLeague, wadda ita ce babbar gasar ƙungiyoyin Turai, aka kawo wasannin ƙarshe har gida Mosko, sai Tau Ceramica ta Sifaniya ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe a gaban jama'arsu. Shekara ta zagayo, ƙarƙashin sabon koci ɗan Italiya Ettore Messina, suka doke Maccabi Tel Aviv da ci 73 da 69 a birnin Prag. Shekara 35 ke nan rabon CSKA da wannan kofi. A 2008 suka sake ɗaga shi.

(Kiɗa)

To, yanzu mu je Madrid, daren 16 ga Satumba, 2007, wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai.

Sifaniya ce mai masaukin baƙi, kuma ita ce zakaran duniya, don a 2006 ta ci kofin a Japan. Tana da Pau Gasol da ƙaninsa Marc, ga José Calderón, ga Juan Carlos Navarro, ga Rudy Fernández. Ta riga ta doke Rasha a zagayen baya na wannan gasar. Zauren ya cika maƙil da ja da rawaya, kowa ya zo bikin ɗaga kofi. Rasha kuwa tun rushewar Sobiyet ba ta taɓa cin wannan gasa ba, rabon Mosko da ita tun 1985. Babban tauraronta Andrei Kirilenko ne. Kocinta kuma David Blatt, wanda shi ma haifaffen Amurka ne da ya yi rayuwarsa a Isra'ila. Duk wanda ya san tarihin wasan ƙarshe na Olamfik a Munich a 1972, inda Sobiyet ta doke Amurka da ci 51 da 50 cikin taƙaddama, har 'yan wasan Amurka suka ƙi karɓar lambar azurfa, zai gane girman abin: ga tawagar Rasha, mai ba da umarni a gefe Ba'amurke, mai riƙe da ƙwallo a ciki Ba'amurke.

Wasan ya yi tsauri, maki ya yi wuya. Holden kansa hannunsa bai faɗa ba a daren, ya ɓarar da jifa da dama. Saura ƙasa da minti guda, Sifaniya tana da 59, Rasha 58, ƙwallo kuma tana hannun Sifaniya. Aka miƙa wa Pau Gasol kusa da kwando, mutumin da ya fi mita biyu. Yana juyawa, sai Holden ya lallaɓo ya fizge ta.

Bai yi gaggawa ba. Ya tsallaka da ita rabin fili yana buga ta a ƙasa, yana kallon agogo yana cinye lokaci. Calderón na gabansa. Ya kutsa ta dama, ya tsaya cak, ya yi kamar zai jefa, Calderón ya yi sama ya wuce. Sannan ya saki ƙwallo. Ta bugi ƙarfen kwando, ta yi tsalle, sannan ta faɗa ciki. Rasha 60, Sifaniya 59, saura daƙiƙa biyu da 'yan kai.

Sifaniya ta nemi hutu, ta dawo ta ba Gasol. Ya juya ya jefa, ƙwallo ta leƙa kwando ta fito. Aka busa tashi. Kirilenko aka ba gwarzon gasa, kuma ya cancanta, amma hoton da ya zauna a zukatan Rashawa na Holden ne.

A 2008 ya sa rigar Rasha a Olamfik ɗin Beijin. Ba su yi nisa ba, a rukuni aka fitar da su, kuma ba su haɗu da Amurka ba. A wannan gasar ce 'yar ƙasarsa Becky Hammon, wadda ita ma ta karɓi fasfon Rasha, ta sha suka a gida, har kocin tawagar matan Amurka ta yi shakkar kishin ƙasarta. Ni dai ban ga adalci a wannan suka ba. Tawagar Amurka ba ta gayyaci Holden ba, NBA ba ta zaɓe shi ba. Mutumin da aka rufe wa ƙofa, ba a tuhumarsa don ya shiga inda aka buɗe masa. Inda nake ganin masu ƙorafi suna da hujja shi ne ta ɓangaren yaran gida: duk gurbin da aka ba baƙo, wani ɗan ƙasa ne ya rasa shi. Shi ya sa hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta ƙayyade cewa mutum ɗaya tak irin wannan kowace ƙasa za ta iya sakawa a tawagarta.

Holden ya yi ritaya a 2011 yana da shekara 34, bayan EuroLeague ta saka shi cikin gwanaye goma na shekarun 2001 zuwa 2010. Ya rubuta littafin tarihin rayuwarsa, sannan ya koma gida. A ƙarshe dai ya shiga NBA, amma ta ofis: ya yi wa Detroit Pistons da Philadelphia 76ers aikin zaƙulo 'yan wasa, daga baya a 2019 Brooklyn Nets ta ba shi babban muƙami a sashen da ke tantance waɗanda za a ɗauka.

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin na yau. 

(Kiɗan rufe shiri)