Adireshin Gida ko Mai Shiga Tsakani?

Mutum yana Abuja, takardar da yake nema tana cikin kwamfutarsa a Kano. Ko dai ya nemo adireshin IP na gidansa ya shiga kai tsaye, ko ya bi ta manhaja mai shiga tsakani, irin su AnyDesk, TeamViewer da Tailscale.

Hanya ta farko tana da tarko tun daga bakin ƙofa. Idan ka rubuta ipconfig a Windows, lambar da za ta fito, kamar 192.168.1.5, ta cikin gida ce kawai. Rauta ce ta raba ta, kuma gidaje bila adadin suna da irinta sak. Adireshin da duniya ke gani daban yake, sai ka duba shafin rautar. Shi ɗin ma ba ya zama wuri ɗaya, domin kamfanin sadarwa kan sauya shi ba sallama. Don haka ake neman DDNS, irin No-IP ko DuckDNS, ya ba ka suna tsayayye mai bin lambar duk inda ta koma. Sannan ka buɗe ƙofa a rauta, ta 3389 idan da manhajar Remote Desktop ta Windows za ka shiga. Hanya ta biyu ba ruwanta da wannan wahala: ka saka manhajar a na'urorin biyu, kowace ta tuntuɓi sabar kamfanin daga ciki, sabar ta haɗa su.

Ta fuskar iko, ta farko ce a gaba. Babu kowa tsakaninka da kayanka, babu mai katse ka don yana zargin kasuwanci kake yi da asusun kyauta, kamar yadda TeamViewer kan yi.

Tsaro kuwa, kowace da inda take yoyo. Ƙofar 3389 da aka bari a buɗe, masu kutse suna ƙwanƙwasa ta dare da rana, kuma ɓarakar BlueKeep ta 2019 ta nuna ana iya shiga tsofaffin Windows ko ba kalmar sirri. Raunin mai shiga tsakani yana wajen mutum ne: ɗan damfara ya kira ka, ya lallaɓa ka ka karanta masa lambar AnyDesk da bakinka.

Abin da ke raba gardama ba ya hannun mai gida. Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbunsu ya ƙare a 2011. Shi ya sa kamfanoni da yawa, musamman na layin waya, har da Starlink, suke tara kwastomomi ƙarƙashin adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Idan adireshin waje na rautarka ya fara da 100.64 zuwa 100.127, kana ciki, kuma DDNS ba zai fisshe ka ba. Wanda kamfaninsa ya ba shi adireshin kansa, kuma ya iya kafa VPN don kada ya bar ƙofar 3389 a buɗe, hanya ta farko za ta yi masa. Mai rauta ta sim kuwa, ya ɗauki Tailscale, ya kuma tanadi inbata, don ko wace hanya ce ba ta isa ga kwamfutar da aka ɗauke wa wuta.