Yawon Buɗe Ido a Jos: Inda Kuɗin Baƙo Ke Tsayawa

JOS — Jihar Filato ta daɗe tana yi wa kanta kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, kuma babban birninta, Jos, shi ne zangon farko na galibin baƙin da ke shiga jihar. Abin da ya shafi ɗan kasuwa a wannan fanni shi ne sanin inda kuɗin baƙo ke tsayawa. Kuɗin shiga wuraren kallo ba su taka kara sun karya ba, kuma akasarin wuraren mallakar gwamnati ne. Ribar tana wajen masauki da abinci da sufuri da tsaraba, wato tana rataye ne da yawan kwanakin da baƙo ya yi a gari.

Babban jarin Jos shi ne yanayinta. Birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, saboda haka a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke gallabar Kano da Sakkwato da Maiduguri, mazauna Jos ba sa shan irin wannan wahala. A watannin Disamba da Janairu kuwa sai da bargo ake kwana. Wannan sanyi ne ya sa Turawan mulkin mallaka suka mai da garin wurin hutu, har aka buɗe otal ɗin Hill Station a 1938.

Sai dai kuza ce ta gina garin. Kamfanonin Turawa sun fara haƙar ta a farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, sa'an nan babban layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1927. Ma'aikata da fatake suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da kudancin Nijeriya, suka zauna tare da Birom da Afizere da Anaguta. Harkar ta kai ƙololuwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga bisani ta riƙa ja da baya, har farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan a watan Oktoba na 1985. Yawancin abin da ake nuna wa baƙo a yau ragowar wancan zamani ne. Filin wasan golf na Rayfield, wanda aka kafa a 1913, na Turawan kuza ne. Tashar lantarki ta Kurra, wadda kamfanin NESCO ya gina a kan magangarar ruwa, an yi ta ne domin injinan haƙa. Hatta tafkin wurin shaƙatawa na Rayfield tsohon ramin kuza ne da ya cika da ruwa. Irin waɗannan ramuka suna nan barkatai a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, wasu manoman rani na ban ruwa da su, wasu kuwa sun sha cin rayukan mutane da dabbobi saboda zurfinsu.

Gidan Kayan Tarihi na Jos ma daga ramin kuza ya samo asali. A 1928 masu haƙa suka tono wani mutum-mutumi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake cikin Jihar Kaduna. A 1943 aka kawo wa wani jami'in mulki Bature, Bernard Fagg, wani kai makamancinsa daga Jama'a, ya kuwa gane cewa aikin al'umma ɗaya ne, wadda ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Fagg ne ya kafa gidan tarihin a 1952, kuma in ban da na Esie da aka buɗe a 1945, babu wanda ya girme shi a ƙasar nan.

A harabar gidan akwai sashen da ya fi dacewa da baƙo Bahaushe, wato gidan tarihin gine-ginen gargajiya, wanda wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya tsara. A nan aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, duk da tubali da ƙasa irin yadda magina na da suke yi. Ginin ƙasa kuwa, kamar yadda kowane magini ya sani, yana bukatar yaɓe bayan kowace damina, ga shi Jos wuri ne mai ruwan sama da yawa. Kuɗin gyaran na fitowa ne daga kasafin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da gidaje da dama a wuyanta, saboda haka duk shekarar da kuɗin suka makara, bango ne ke nunawa.

Sauran wuraren sanannu ne: gidan namun daji da ke daura da gidan tarihi, da gandun dabbobi mai faɗin murabba'in kilomita 8 da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, da duwatsun Shere masu tsayin sama da mita 1,800, da dutsen Riyom, da magangarar ruwa ta Assop a kan hanyar Abuja. Matsalarsu a idon ɗan kasuwa ita ce mutum na iya zaga uku ko huɗu a yini guda ya koma inda ya fito, bai sayi komai ba sai man mota da ruwan sha.

Baƙin da suka fi barin kuɗi a Jos 'yan ƙasa ne, musamman masu zuwa taro da kwas. Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Kuru, wadda aka kafa a 1979, da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, da Jami'ar Jos da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, duk suna jawo mutanen da kan kwana biyu ko uku. Komawar gwamnatin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991 ta ƙara kawo wata kasuwa kusa, domin tazarar ba ta wuce kimanin kilomita 300 ba. Mahalarcin taro yana da yammaci guda ko ranar ƙarshe da ba shi da aikin yi, kuma mai otal ɗin da ya tanadi mota da ɗan jagora mai jin Hausa da Turanci domin wannan lokaci yakan iya ƙara wa baƙonsa kwana ɗaya.

Tsarabar Jos kuwa ta gona ce. Sanyin tudun ya sa ana noman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, ga kabeji da karas da tumatir da ake lodi daga kasuwar Farin Gada zuwa sassan ƙasar. Da wuya matafiyi ya bar garin ba tare da buhun dankali a bayan mota ba, amma cinikin a bakin titi ake yinsa, ba tare da awo ko ƙunshi mai kyau ba.

Dole ne kuma mai sa jari ya lissafa batun tsaro. Rikicin watan Satumba na 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, da tashin bama-bamai a Taminus a watan Mayu na 2014, kowannensu ya jawo dokar hana fita ko soke tarurruka, kuma otal-otal ne kan fara ji a jikinsu. Gobarar watan Fabrairu na 2002, wadda ta cinye Babbar Kasuwar Jos, ta raba garin da wurin da fatake daga jihohi maƙwabta ke sauka su kwana. Rikicin ya kuma raba unguwanni bisa addini, abin da ya sa wurin da aka gina masauki ya zama muhimmi, domin baƙo yakan tambayi unguwa kafin ya tambayi farashin ɗaki. Masaukin da ke kan babbar hanya, inda kowane ɓangare ke shiga ba tare da ɗari-ɗari ba, shi ya fi samun taron ma'aikatu da bukukuwan aure, waɗanda su ke riƙe otal a watannin damina lokacin da masu yawon kallo suka ragu.