NOMAN FIS MAI CIN ƁAWO A LAMBUN GIDA

Ɗan'uwa manomi, ka san fis, wato koren waken nan da ake zubawa a soyayyiyar shinkafa tare da karas. To, akwai wani irinsa da ake ci har da ɓawon, ɗanye ko a miya, ga zaƙi ga garɗi. Wani masanin iri a Amurka, Calvin Lamborn, shi ya fitar da irin da ake kira Sugar Snap a 1979. Yana iya yi a nan Katsina, amma sai an kiyaye lokaci.

LOKACIN SHUKA
Fis ɗan sanyi ne. Da zarar zafin rana ya haura digiri 30, furensa sai ya riƙa zuba, ba ya ɗaura 'ya'ya. Saboda haka damina ba tasa ba ce, bazara kuwa ajalinsa ce. Ka shuka daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyarta, domin ya yi fure cikin hunturun Disamba da Janairu. Daga shuka zuwa tsinkar fari kwana 60 zuwa 70 ne. Wanda ya bari sai Janairu, zafin ƙarshen Fabrairu zai riske shi da fure, ya yi asarar iri da wahalar ban-ruwa.

GYARAN WURI
Zaɓi inda rana ke samu sosai, amma katanga ko danga ta tare iskar hunturu. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Ka zuba ruɓaɓɓen takin shanu ko na tumaki, kwando ɗaya a kowane fangali mai taku 3 tsawo, ka cakuɗa da ƙasa mako 2 kafin shuka. In kana da takin sufa, barbaɗa kaɗan. Kar ka sa yuriya da yawa. Fis dangin wake ne, saiwarsa na tara wa kanta abinci. In ka cika masa yuriya, ganye za ka samu ba 'ya'ya ba.

SHUKA
1. Sayi iri a shagon masu sayar da iri, ka duba kwanan watan da ke jikin fakiti. Busasshen fis na kasuwa ba shi ba ne.
2. Jiƙa irin kwana ɗaya kawai.
3. Shuka ƙwaya ɗaya a rami mai zurfin inci 1, tazarar inci 2 tsakanin ƙwaya da ƙwaya.
4. Bar ƙafa 2 tsakanin layi da layi.
Zai tsiro cikin kwana 7 zuwa 10. Kaji da tantabaru na son tsiron, sai ka rufe da ƙaya.

KAFA SANDA
Fis yaɗo yake yi, wani irin yakan kai tsawon mutum. Da ya kai taƙi ɗaya, kafa masa karan dawa masu ƙarfi, ka ɗaura igiya tsakaninsu. Wanda ya kwanta ƙasa ruɓewa yake.

BAN-RUWA
A rairayi, ba shi ruwa kaɗan-kaɗan kullum da safe, a gindi ba a kan ganye ba. Ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Lokacin fure kuwa, kar ka yarda ya ji ƙishirwa ko na yini ɗaya. Tunda ɗanye ake cinsa, yi amfani da ruwan rijiya ko na famfo. Ruwan kwata ba na wannan shuka ba ne.

ƘWARI DA CUTA
Darɓa kan taru a kan toho. Wanke ta da ruwan sabulu marar ƙarfi ko ruwan jiƙaƙƙen 'ya'yan dalbejiya. In ka ga farin abu kamar gari a kan ganye, cire ganyen ka ƙone. Kar ka maimaita fis a fangali ɗaya shekara biyu a jere.

TSINKA
Ka tsinka in ɓawon ya cika ya yi kumburi, yana kore shar, kana karya shi yana cewa ƙas. Yi da sassafe, kowane kwana 2, hannu ɗaya riƙe da reshe. Yawan tsinka ke sa ya ƙara fure. Zaƙinsa na raguwa da sauri, don haka a ci ko a kai kasuwa ranar.

Bana ka fara da fangali ɗaya ko biyu. In wani abu ya shige maka duhu, nemi malamin gona na yankinka ko ofishin KTARDA. Allah ya ba da sa'a.