Hanya Amana Ce: Haɗarin Mota da Babur a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Babbar hanyar ƙasar Nijar mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ba ta tsaya ba sai Ngigmi a yankin tafkin Cadi, idan ta baro Maraɗi ta fuskanci gabas, takan bi ta Cadawa da Agye da Gazawa, ta ratsa Tasawa, ta wuce Maijirgi da Takeita, kana ta shiga Damagaram; daga Cadawa kuma akwai wadda ta rabu ta yi arewa zuwa Mayahi, a kwarin Gulbin Kaba, inda sauran hanyoyin ƙauyuka, na jan ƙasa da na rairayi, suke watsuwa zuwa Kanambakashe da Isawan da Cake da Gidan Amumun. Bisa ƙidayar shekarar 2012, kowace ɗaya daga gundumomin Tasawa da Mayahi ta haura mutum rabin miliyan, kuma galibinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa waɗanda abincinsu yake rataye da tafiya. A kan waɗannan hanyoyi ake kai gero da wake da gyaɗa kasuwa, a kansu ake kai mai naƙuda asibiti, a kansu samari ke fita cin rani bayan kaka su komo da faɗuwar damina. Saboda haka maganar haɗarin hanya ta shafi kowane gida a ƙasar nan, har gidan da ba a taɓa ɗaure ko da keke a cikinsa ba.

Kafin mu dubi namu, ya kamata mu san girman wannan musiba a duniya, domin wanda ya san faɗin cuta shi ne yake ɗaukar maganinta da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke rasa rayukansu a kan hanyoyi kowace shekara, ban da wasu miliyan 20 zuwa 50 da suke samun rauni, waɗanda da yawansu nakasar ba ta rabuwa da su har iyakar rayuwa. Ta kuma tabbatar da cewa babu wani sababi, na cuta ko na yaƙi, da ya kai haɗarin hanya kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne rabon Afirka a cikin wannan lissafi, domin nahiyar da ba ta mallaki fiye da kashi 3 cikin ɗari na motocin duniya ba ita ce take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan, kuma a tsakanin 2010 da 2021, sa'ad da adadin yake ɗan raguwa a duniya baki ɗaya, a Afirka ƙaruwa ya yi da kashi 17 cikin ɗari. Fiye da rabin waɗanda suke mutuwa kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato ainihin irin mutanen da suke cika bakin kwalta a Tasawa ranar kasuwa.

To, mene ne ya sauya a ƙasarmu har al'amarin ya kai haka? Abu na farko shi ne babur. A da, wanda ya mallaki babur a ƙauye sananne ne, ana ƙirga su da yatsu; amma tun daga farkon wannan ƙarni, da babura masu rahusa suka riƙa shigowa daga Sin da Indiya, da yawansu ta kasuwannin Najeriya, ga kuma man 'yan ruwa-ruwa a kwalba a kowace kusurwa, sai babur ya zama abin hawan kowa, sana'ar kabu-kabu kuma ta zama mafakar dubban samari waɗanda gona ba ta riƙe su sai wata huɗu a shekara. Babu mai musun alherin da ke cikin wannan, domin tafiyar da jaki yake yi wuni guda yanzu sa'a ɗaya ce, kuma mata da yawa sun tsira da rayukansu saboda an sami abin da zai kai su ɗakin shan magani cikin dare. Sai dai akasarin masu tuƙin nan ba su taɓa zama gaban malamin tuƙi ba, ba su san ma'anar allunan hanya ba, sun koya ne daga wa ko aboki a bayan gari cikin 'yan kwanaki. Ga goyon mutum uku ko huɗu, ga buhu a kan tanki, ga kai babu hular kwano.

Abu na biyu shi ne manyan motoci. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram a ƙarshen shekarar 2011, tankokin mai masu nufar Maraɗi da Yamai suke bi ta Tasawa, suna haɗuwa da tireloli da motocin dabbobi da manyan bas na masu dogon zango, dukansu a kan kwalta ɗaya mai hannu biyu kacal, wadda kuma ita ce amalanken shanu yake bi da almuru ba tare da fitila ba, ita ce garken awaki yake tsallakawa, ita ce 'yan makaranta suke bin gefenta safe da yamma. Garuruwanmu sun girma ne a jikin hanya, tasha da kasuwa da masallaci da teburin mai shayi duk suna bakinta, har ya zama motar da ta taso daga daji da gudun kilomita ɗari tana shiga tsakiyar jama'a kafin direba ya ɗaga ƙafarsa. A hanyoyin karkara kuwa, motocin 'yan kasuwa ne abin tsoro: tsofaffin ƙananan bas da a-kori-kura, an yi musu lodin da ya ninka ƙarfinsu, an ɗora mutane a bisa kaya, taya ta suɗe, birki ya yi sanyi, ga rami ga rairayi. Kowane lokaci na shekara kuma da irin nasa sharrin, domin damina tana cinye gefen hanya ta cika kwazazzabai, hunturu yana kawo hazon da ke rufe ido, jajibirin salla kuwa yana kawo cunkoso da gaggawar direban da yake son ya yi sawu biyu a inda ya saba yin ɗaya.

A nan ya dace mu ɗan tsaya a kan gudu, saboda shi ne uban sauran sabubba, kuma mutane da yawa ba su fahimci hisabinsa ba. Motar da take gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kimanin mita 14 a cikin daƙiƙa guda, mai gudun kilomita 100 kuwa tana cin mita 28, alhali direba lafiyayye wanda yake a farke yana buƙatar wajen daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin yaro a hanya da taka birki; bayan ya taka kuma, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya yana ninkawa ne sau huɗu. Masana sun auna cewa ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a kan matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake mutuwa a cikinsa da kashi huɗu cikin ɗari, kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun kilomita 65 ya fi wanda ta buge a gudun kilomita 50 kusantar mutuwa fiye da sau huɗu. Idan aka haɗa wannan da wayar salula, wadda take ninka yiwuwar haɗari kusan sau huɗu ga mai tuƙi yana magana, aka haɗa da gyangyaɗin wanda ya kwana yana tuƙi, aka haɗa da ƙwayar taramol da wasu samari suke sha wai don ta kore musu gajiya, alhali tana dushe musu hankali ta cire musu tsoro, sai a ga cewa abin da muke kira tsautsayi yana da asbabi bayyanannu waɗanda ake iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.

Bayan haɗari ya auku kuma sai wata jarrabawar ta biyo. Akwai asibitin gunduma a Tasawa, akwai a Mayahi, amma wanda ya fashe a kai ko ya karye a gadon baya sai an kai shi Maraɗi ko Damagaram, kuma daga Tasawa kowanne daga cikinsu ya haura kilomita ɗari. Wanda abin ya same shi a can cikin ƙasar Urafan ko Korgom kuwa, kafin ma a fito da shi kwalta an ɓata sa'o'in da rai ya fi buƙata. Sau da yawa jama'a, cikin kyakkyawar niyya, sukan fizgo mai rauni su naɗe shi a bayan babur, wuya yana lilo, har cetonsu ya ƙarasa abin da haɗarin ya fara. Wasu kuma gida ake wucewa da su wurin mai ɗori, wanda yana da gwanintarsa a karaya mai sauƙi, amma ba ya ganin jinin da yake tsiyaya a cikin ciki ko a ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan, idan suka cika bayan kwana uku ko mako guda, ba lalle ne sunansu ya shiga littafin jandarma ba, shi ya sa a ƙasashe da yawa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya yake zarce abin da hukumomi suka rubuta. Kuma tun da galibin masu mutuwar samari ne majiya ƙarfi, kowace gawa tana barin gonar da babu mai nome ta, da marayu, da tsofaffin da aka yanke musu abin dogaro.

Yanzu sai mu zo ga kalmar da ake rufe kowace ta'aziyya da ita, cewa kwana ne ya ƙare. Haƙiƙa imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne na imani, kuma babu ran da zai wuce ajalinsa. Amma malaman Sunna ba su taɓa karantar da cewa ƙaddara hujja ce ga mai sakaci ba, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali, kuma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya sami labarin annoba, bai ɗauki hakan gudun hukuncin Ubangiji ba. Kiyaye rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Almajiran da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaurukan Tasawa da Mayahi sun san cewa mahayin dabba da mai janta da mai korarta suna lamunin abin da ta taka; idan haka hukuncin yake ga doki da raƙumi, ina ga ƙarfen da yake gudun da babu dokin da ya taɓa yin irinsa? Kisan kuskure ma yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direban da ya yi ganganci ko sakaci yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo. Saboda haka a bar wa mai makoki kalmar ƙaddara ta zama sanyin zuciyarsa, amma kada direba da mai mota da ma'aikacin hanya su mayar da ita mafakar laifinsu.

Magani kuwa ba ɓoyayye ba ne, ba kuma duka ne yake buƙatar dukiya mai yawa ba. Nijar tana da dokar hanya ta shekarar 2014, tana da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, tana kuma cikin Majalisar Ɗinkin Duniya wadda ta ƙudurta rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Abin da ya rage shi ne doka ta sauko daga takarda ta iso tasha. Hular kwano mai inganci, wadda aka ɗaure igiyarta, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi uku cikin huɗu, ɗamarar kujerar mota kuma tana rage mutuwar na cikinta da kusan rabi. Haƙƙin hukumomin gari ne su janye 'yan tireda daga bakin kwalta, su sa tudun rage gudu mai alama a mashigar gari da gaban makarantu, su tilasta a manna abin ƙyalli a bayan kowane amalanke. Haƙƙin shugabannin tasha da 'yan kamasho ne su hana motar da ta yi lodin wuce kima tashi, ko da mai ita ɗan uwansu ne. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu suna iya shirya wa 'ya'yansu karatun alamomin hanya da na taimakon farko, su kuma kori mashayi daga cikinsu. Jandarma ko ɗan sandan da ya karɓi na goro ya kau da kai daga mota marar birki, ya sani cewa yana da kaso a cikin jinin da za ta zubar a gaba. Sarakuna da limamai kuwa, waɗanda maganarsu take isa inda takardar hukuma ba ta isa, ya kamata su sanya wannan batu a huɗubar Juma'a da zaman fada, musamman gab da salla da lokacin komowar 'yan cin rani.

Kai kuma mai karatu, naka rabon yana hannunka tun daga gobe. Kada ka ba yaron da bai mallaki hankalinsa ba makullin babur don alfahari. Kada ka hau motar da idonka ya gaya maka ta fi ƙarfin kayanta. Idan direba yana gudun ganganci ko yana waya, ka yi masa magana da ladabi, kada kunya ta hana ka, domin ranka da na sauran fasinja amana ce a hannunsa, kuma yin shiru a kan ɓarna tarayya ne a cikinta. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙon sababi tare da kyakkyawan tawakkali.