Kowane Inabi Da Ƙasarsa

Jama'a manoma, makon nan za mu leƙa Faransa, mu ga noman baƙin inabi, wanda Turawa su ke matsewa su yi jar giya. Ba giyar ta kai mu ba, dabarar noman mu ke so.

A can ba a dasa iri sai an duba ƙasa. A yankin Bordo, inda a ke da tsakuwa, Cabernet Sauvignon a ke sa wa. Ɓawonsa da kauri, ba ya nuna da wuri, tsakuwa kuwa ta kan riƙe masa zafin rana. Inda laka ta ke, sai Merlot, don ya fi saurin nuna. A Burgandi Pinot Noir ne, mai son sanyi, amma ɓawonsa ba kauri, in ruwa ya yi yawa sai ya ruɓe. Can kudu, inda rana ke ƙuna, Grenache ke jure fari.

Wajen 1863 wani ƙwaro ya biyo dashe daga Amurka, ya dinga cin saiwa, gonaki suka yi ta mutuwa. Ba a tsira ba sai da aka yi wa inabin Faransa aure da saiwar na Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashewa.

To, kun ji. In ɗan kasuwa ya kawo maka baƙon iri, tambaye shi inda ya fito da kwanakin nunarsa, ka kuma duba lafiyarsa, kafin ka zuba kuɗinka. Jigawa ta gero ce, fadama ta rake.